Injina yana "cak-cak-cak": tambayoyi da amsoshi kan ƙarar bawul

Da wuya rana ta fito ta faɗi wani bai shigo garejinmu a nan Garwa ba, ya bar mota a kunne, ya ɗaga bonet ya ce, "Maigida, saurari wannan." Mai tasi ne, ko direban Hiace mai lodin Marwa, ko mai Land Cruiser da ya taso daga Njamena, tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Shi ya sa na tara su wuri guda. Sunayen kayan injin a wajenmu rabi daga Faransanci suke, rabi daga bakin kanikawan Najeriya, tunda kayan gyara wasu ta Duwala suke zuwa, wasu ta Mubi da Yola. Supap shi ne bawul, kulas shi ne kan injin, bidanj kuma juyen baƙin mai.

Wane ɓangare ne ma yake yin wannan ƙarar?

Kowace silinda tana da ƙofofi iri biyu: bawul ɗin da ke shigar da iska, da wanda ke fitar da hayaƙi. Kamshaf, wato sandar nan mai ƙusumbi da ke juyawa, shi ke danna su su buɗe, sifirin kuma ya mayar da su su rufe. Tsakanin ƙusumbin da kan bawul akwai ɗan saƙo. A wasu injina roka ce, wadda muke kira kulbitar. A wasu kuma tafet ne mai kama da ƙaramin kofi a kife.

Da gangan masu ƙera injin suka bar 'yar tazara a wurin, wadda ba ta wuce kaurin 'yan takardu ba. Ƙarfe yana miƙewa idan ya ji wuta, kuma kan bawul ɗin hayaƙi yana kaiwa digiri 700 har ya wuce. Tazarar ce ke ba shi wurin miƙewa. Idan ta yi yawa, maimakon ƙusumbi ya tura bawul a hankali sai ya riƙa marinsa, marin nan ne kake ji cak-cak-cak.

Ta yaya zan gane ƙarar bawul ce, ba wani abu dabam ba?

Nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin kowace ƙara aka ji sai a ce tafet.

Fara da saurinta. Kamshaf yana juyi ɗaya ne duk lokacin da karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa a ƙasan injin, ya yi biyu. Idan mota tana sulo a kan juyi 800 a minti, bawul guda yana bugawa sau 400, wato sau shida zuwa bakwai a daƙiƙa. Ƙara ce siririya, mai tsari kamar keken ɗinki, tana bin totur sama da ƙasa, kuma ba ruwanta da ko mota tana ɗauke da kaya ko wayam take. Daga sama take fitowa. Ɗauki doguwar sukudireba, ka dafa bakinta a kan murfin bawul, ka kara marikin a ƙashin bayan kunnenka, ka bi murfin daga gaba zuwa baya. Inda ta fi tsini nan matsalar take. Ka tattare babbar riga da carbi kafin ka sunkuya, fanka da bel ba su san Alhaji ba.

Masu kwaikwayonta suna da yawa. Nozul na motar fetur, wato mai fesa fetur a injin, yana cak-cak shi ma, kuma lafiyarsa ke nan. In ka dafa sukudireba a jikinsa za ka ji shi ne. Gasket ɗin bakin salansa idan ya fashe yana yin "taf-taf" da safe, ya ragu idan ƙarfe ya ɗumama ya toshe kafar. Nemi baƙin toka a gefen kusoshin. Fulogi da bai ɗauru ba haka yake yi. Sarƙar taimin, wadda ke haɗa karanshaf da kamshaf, tana yin "karrr" ne daga gaban injin, kamar ana jan sarƙa a bakin bokiti. Idan kana zargin altaneta ko famfon ruwa, cire bel ɗin waje ka tayar na rabin minti. In ƙarar ta ɓace, bawul ba shi da laifi.

Wadda za ka ji tsoro ita ce mai nauyi, "ƙwan-ƙwan-ƙwan" daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa idan ka taka totur, ta kuma canza idan aka cire wayar fulogin silinda guda. Wannan metal ne, kusine ke nan, wato 'yan ƙarafan da ke rungume da karanshaf. Kashe motar.

Da safe kawai take yi, ba a jima ba ta ɗauke. In damu?

In ba ta wuce daƙiƙa biyu ko uku ba, mai ne bai gama hawa sama ba. Ana yawan jin haka da sanyin hunturu, ko a Ngaundere inda tudu ya haura mita 1,000 kuma asuba tana da sanyi. Sau da yawa laifin filtar mai ne. Filta ta kirki tana da 'yar roba a ciki da ke hana mai zurarewa ƙasa idan mota ta kwana, ta jabu kuwa robar ba ta riƙe komai. Canza filta tukuna.

A injin VVT-i, wato na Toyota mai sauya lokacin buɗe bawul da kansa, akwai wata dabam: "garrr" ta daƙiƙa ɗaya ko biyu da zarar ka murza makulli. Giyar da ke kan kamshaf tana da ɗan fil da ke kulle ta kafin mai ya iso, shi ne ya ci. Mota tana iya daɗewa a haka, amma in ƙarar ta fara tsawo, lokacin canza giyar ya yi.

Me zan fara dubawa kafin in je gareji?

Baƙin mai. Ajiye mota a wuri mai daidai, kashe ta, jira minti biyar, ka zaro sanda. Kan injin shi ne na ƙarshe da mai ke isa, saboda haka shi ne na farko da ke kuka idan mai ya yi ƙasa. Corolla da Avensis masu injin 1ZZ-FE na shekarun farko sun shahara da shan mai ba tare da hayaƙi ya tona musu asiri ba.

Cika mai fiye da layi ma ba gwaninta ba ce: karanshaf yana kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta ɗaga tafet. Shinshina sandar. In kana jin warin fetur, mai ya tsinke. Kuma kada ka dogara da jar fitilar mai, domin ba ta kamawa sai matsin ya kusa ƙarewa gaba ɗaya. In ana shakka, a ɗaura geji a ga matsin da ido, injin yana da zafi.

Kowane injin ne ake yi wa saitin bawul?

A'a, kuma wannan ya kamata mai mota ya sani kafin ya biya kuɗin reglaj, wato saitin. Iri huɗu ne ke yawo a titunanmu.

Na farko mai sukuru da noti, wanda ake saitawa da sifana da sukudireba. Peugeot 504 ta fetur tana nan: milimita 0.10 a shiga, 0.25 a fita, injin a sanyaye. Injin 2E na Starlet da tsohuwar Corolla yana son 0.20 duka biyun, shi kuma da zafinsa. Tsohuwar Hilux mai 22R, 0.20 da 0.30, ita ma da zafi.

Na biyu mai fastil, wato ɗan faifan ƙarfe kamar kwabo da ke zaune a kan tafet. Ba abin da ake juyawa, faifan ake canzawa da mai wani kauri. Ana auna su duka a sanyaye. 4A-FE da 7A-FE na Carina E: 0.15 zuwa 0.25 a shiga, 0.25 zuwa 0.35 a fita. 3S-FE: 0.19 zuwa 0.29, da 0.28 zuwa 0.38. Injin gas 3L da 5L na Hiace da Hilux: 0.20 zuwa 0.30, da 0.40 zuwa 0.50. 1HZ na Land Cruiser, mai silinda shida da lita 4.2: 0.15 zuwa 0.25, da 0.35 zuwa 0.45.

Na uku babu ko fastil, kofin tafet ɗin kansa ake canzawa. 1ZZ-FE haka yake, kuma Toyota ta yi kofin kauri 35 daban-daban, daga milimita 5.06 zuwa 5.74. Dole a ɗaga kamshaf kafin a kai gare su.

Na huɗu mai saita kansa da matsin mai, wanda ake kira idrolik. 2TR-FE na Hilux da Hiace ta fetur, da 1ZR da 2ZR na sabuwar Corolla, duk suna ciki. Wanda ya ce maka ya yi wa irin wannan saitin tafet, tambaye shi da wace sifana.

Motoci da dama suna da takarda manne a cikin bonet mai ɗauke da waɗannan lambobi. In tana nan, ita ce gaba da maganata.

Bakanikena ya saita da kunne, injin ya yi tsit. Ina laifin wannan?

Wannan ita ce tambayar da ta sa na zauna rubutun nan.

Bawul ɗin hayaƙi ba ruwa ke sanyaya shi ba, ba kuma mai ba. Mafi yawan zafinsa yana sauke shi ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a kan mazauninsa a jikin kulas. Idan aka ɗaure tazara har ta ƙare, da injin ya yi zafi sai bawul ya miƙe, ya kasa zama sosai. Wuta ta samu 'yar kafa. Tana bi ta nan kamar wutar mai walda, tana cin gefen bawul kaɗan-kaɗan, kuma duk wannan ba a jin ko ƙyas.

A wata bazara an kawo mana akori-kura 504 a kan igiya. Mai ita dattijo ne, albasa yake kaiwa kudu. Ya ce sati uku da suka wuce ya kai ta wani wuri saboda cak-cak ya dame shi, ya ce wa yaron ba ya son jin komai, yaron kuwa ya cika masa burinsa. Tun daga nan mota ta fara wuyar tashi in ta yi zafi, tana rawa a sulo, tana harbi ta salansa. A hawan Falez, kafin a shiga Ngaundere, ƙarfi ya tafi. Da muka buɗe murfi, ko ma'auni mafi siranta bai shiga ƙarƙashin roka uku ba. Muka sauke kulas. Bawul ɗin hayaƙi na silinda ta uku ya yi fari fat kamar toka, gefensa da giɓi kamar ɓera ya gutsiri ƙuli-ƙuli. Na ɗora masa a tafin hannu, ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Ɗana, ai da na bar ta da surutunta." Na ce, "Baba, da an auna ne kawai." Garin neman gira aka rasa ido.

Ba yaron kaɗai nake ba laifi ba. Mai mota ne ke auna gwanintar bakanike da shirun injin, bakanike kuma yana son a dawo gobe. Injin mai sukuru ko fastil da ke kan lambarsa yana da 'yar ƙara siririya, haka aka yi shi. In dole sai an kauce wa lamba, gara tazara ta ɗan fi yawa da ta gaza.

Wani abin kuma, tazara tana iya ƙarewa da kanta. Shekaru suna tafiya, bawul yana nutsewa cikin mazauninsa, jelarsa tana matsowa sama. Tsohon injin da bai taɓa ganin ma'auni ba kuma ya yi shiru lau, ni ya fi tayar mini da hankali a kan mai surutu.

To yaya ake yin saitin na gaskiya?

Da ma'aunin tazara, 'yan ƙarafan nan sirara kamar reza da muke kira kal, kowanne da lambarsa a jiki. A fara tabbatar da ko injin na sanyi ne ko na zafi. Na sanyi yana nufin ya kwana ko ya yi awanni a kashe, ba wai an watsa masa ruwa ba.

Ana auna bawul ne lokacin da ƙusumbin kamshaf ya juya masa baya. A injin mai silinda huɗu da ke kunna wuta 1-3-4-2, tsofaffinmu suna bin hanyar balans: idan bawul biyu na silinda ta 4 suna musayar motsi, ɗaya na rufewa ɗaya na buɗewa, sai a saita ta 1. Ta 2 a balans, a saita ta 3. Ta 1, a saita ta 4. Ta 3, a saita ta 2. Kal ɗin ya shiga da ɗan ja, kamar kana zaro takardar kuɗi daga tsakiyar damin sababbi. Sai a riƙe sukuru, a ɗaure noti, a sake aunawa, domin ɗaure noti yana jan sukuru.

Mai fastil lissafi ne. A ce bawul ɗin shiga na 4A-FE ya ba da 0.34, ana neman 0.20. Rarar 0.14 ke nan. An ciro fastil an auna shi 2.80, to sabon zai zama 2.94, sai a ɗauki mafi kusa, 2.95, tunda taki-takin 0.05 ake yin su. A rubuta lambar kowane bawul a takarda kafin a ciro ko ɗaya. Sau da yawa musaya tsakanin bawul da bawul tana rage yawan waɗanda za a saya.

Babu fastil a kasuwa. A goga nawa a dutse?

Fuskar da ƙusumbi ke bi an ƙarfafa ta, an kuma goge ta sumul. In aka ci ta da dutse, ita za ta koma cin kamshaf. Cusa guntun gwangwani a ƙarƙashi ya fi muni, domin fastil yana iya tsalle ya fita ana cikin gudu. Je wurin masu tsofaffin injina ka sayi kulas da ya mutu, ko ka tsinci fastil daga ciki. Lambar da ke jikinsu tana gogewa, saboda haka a auna kowanne.

An saita daidai, amma ƙarar tana nan.

To wani abu ya ci. A tsohon injin mai roka, kan bawul yana haƙa ɗan rami a fuskar rokar. Kal yana da faɗi, sai ya haye bakin ramin ya nuna maka 0.20, alhali tazarar gaske ta fi haka. Ciro rokar ka duba ta a rana. Bi ƙusumbin kamshaf da farce: in akwai zane, ko tsininsa ya daƙushe bai kai na 'yan'uwansa ba, kamshaf ya tafi, kuma ana canza shi ne tare da abin da yake dannawa. Sabon kamshaf a kan tsohuwar roka gyaran gangar Auzinawa ne.

Akwai kuma sifirin da ya karye, wanda wani lokaci sai ka juya shi za ka ga tsagar. Akwai gid, hanyar da jelar bawul ke bi, idan ta buɗe bawul yana lilo, mota tana shuɗin hayaƙi da safe ko bayan doguwar gangara. Ƙurar hunturu tana da hannu a nan. Filtar iska da aka yi ta busawa har ta huje tana shigar da yashi kai tsaye.

Yaya ake gane bawul ya riga ya ƙone ba tare da sauke kulas ba?

Da awon kwamfureshan, wato matsin da ke cikin silinda. A 4A-FE kada silinda ta gaza kilo 10, kuma kada bambanci tsakaninsu ya wuce kilo 1. Wadda ta faɗi, zuba mata cokalin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. In lamba ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Amma duba tazara kafin ka kwance komai. Na sha ganin kwamfureshan ya dawo bayan an sassauta bawul da aka shaƙe, in an yi sa'a wuta ba ta riga ta ci shi ba.

Nawa idrolik ne kuma yana ƙara. Sai canji?

Ba nan take ba. A cikin kowane tafet na idrolik akwai ɗan fistin da 'yar ƙwallo, mai yana shiga ta rami kamar na allura. Datti kaɗan ya isa ya toshe shi. Yi juye da mai na kirki da sabuwar filta, ka bar injin ya yi zafi, ka riƙe shi wajen juyi 2,500 na minti goma, iskar da ta maƙale ta fita. In har yanzu yana yi, a buɗe murfi, a danna kowanne da katako lokacin da ƙusumbi ya juya baya. Lafiyayye yana da tauri kamar dutse, matacce yana nutsewa. In guda ɗaya ne ke ƙara, shi ne. In duka ne suke yi, musamman da zafi a sulo, kada ka sayi ko ɗaya tukuna: matsin mai ne ya faɗi. A sauke kaskon mai a duba rariyar famfo. Abin da muka fi samu a ciki shi ne guntayen silikon da wani ya lafta wa gasket kamar yana shafa man shanu a burodi.

An ce in zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 ko maganin ƙara kauri, ƙarar za ta tafi.

Ga 504 ko 22R da suka sha duniya, a watan Afrilu da zafin Marwa da Kusuri ke haura digiri 40, 20W-50 ba laifi. Injin gas irin 5L da 1HZ suna zama lafiya da 15W-40. Amma injin VVT-i da mai idrolik an yi su ne da ƙananan hanyoyin mai, kuma mai kauri yana jinkirin isa sama da safe, lokacin da aka fi bukatarsa. Bi abin da littafin motar ya ce. Maganin ƙara kauri kuwa rufe bakin ƙarar yake yi, tazarar tana nan yadda take.

Abin da ya fi lambar mai muhimmanci a ƙasar nan shi ne asalinsa da lokacin juye. Man awo na cikin kwalba a bakin titi ba ka san ko daga wane kasko ya fito ba. Ƙura, zafi da yawan tsayawa a sulo su ne abin da Toyota ke kira aiki mai tsanani, kuma juyensa kilomita 5,000 ne.

An buɗe murfi an tarar da datti kamar kwalta. A wanke da gas?

Kada a zuba gas ko kananzir a tayar da injin. Dattin da ya shekara a manne zai saki gaba ɗaya ya tafi rariyar famfo, ka shigo da ƙarar tafet ka fita da ƙarar metal. A kankare na sama da hannu bayan an toshe ramukan da mai ke komawa, a sauke kasko a wanke shi da rariyar, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa.

Zuwa-zuwa, fetur ɗin jarka na bakin titi, yana kawo ƙarar bawul?

Mutane suna cewa "supap na kuka" idan mota ta yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani a kan hawa ko a babbar giya. Ba bawul ba ne. Fetur ne ke fashewa ba bisa ƙa'ida ba a cikin silinda. Shaidarsa ita ce da ka ɗaga ƙafa daga totur sai ta ɗauke, kuma ba a jin ta a sulo. Fetur mai rauni ko wanda aka gauraya da kananzir yana kawo ta, haka delko, mai raba wa fulogi wuta, da aka tura gaba da yawa, da injin da ke zafi, da gawayin da ya taru a kan fistin. Ba kowane zuwa-zuwa ne gurɓatacce ba, amma jarka ba ta da takardar shaida. Gwada tanki ɗaya daga gidan mai ka ji bambanci. Saitin bawul ba zai taɓa ta ba, kuma in aka bar ta tana fasa fistin.

Injin gas fa, da ma can mai surutu ne?

Shi ya sa ake kuskure da shi. Bugun nozul mai ɗiga yana kama da ƙarar ƙarfe. A tsofaffi masu famfo irin 5L da 1HZ, ana sassauta bututun nozul ɗaya bayan ɗaya. In bugun ya ɗauke, nozul ɗin nan ne ko silindarsa. Kada a gwada haka a D-4D, injin gas na Toyota mai kwamfuta. Matsin da ke cikin bututunsa ya haura kilo 1,300, yana huda fata. Idan kuma kana jin "buf-buf" ta wajen filtar iska, bawul ɗin shiga ne ba ya rufewa.

Kula da fitilar T-BELT mai tuna canjin bel ɗin taimin, wadda ke kamawa a kilomita 100,000 a tsofaffi, 150,000 a na baya. A waɗannan injina idan bel ɗin taimin ya tsinke fistin yana haɗuwa da bawul. 4A-FE da 3S-FE galibi suna tsira, a sa sabon bel a wuce. In ƙara ta fara ne daidai bayan an canza bel, koma a duba alamomin taimin a ranar.

Zan iya tafiya Njamena da ita a haka?

In 'yar cak-cak ce da ka saba ji, mai yana kan layi, fitila ba ta kamawa, mota ba ta rasa ƙarfi ba, tafi, ka riƙe galan ɗin mai a but, ka duba sanda a Marwa kafin ka shiga hanyar Mora da Waza. In ƙarar sabuwa ce, ta zo farat ɗaya, ko tana tare da rawar injin, ko fitilar mai tana ƙiftawa a sulo, kada ka wuce gareji na farko. Sifirin da ya karye yana iya sakin bawul ya faɗa kan fistin.

Zan sayi mota ta hannu. Me zan saurara?

Je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka dafa injin da bayan hannunka. In da ɗumi, an riga an tayar da ita don kada ka ji abin da take faɗa da sanyi. Ka ce za ka dawo gobe. Zaro sandar mai ka murza ɗigon tsakanin yatsu biyu. In yana yin zare kamar miyar kuɓewa, an zuba maganin kauri. Buɗe murfin zuba mai ka haska fitilar waya: ƙarfe mai launin zuma alama ce ta mai gida da ke juye a kan lokaci, baƙin dunƙule kuwa ka san sauran. Sannan ka ce mai ita ya tayar, kai kana tsaye a gaban bonet, rediyo da iyakwandishan a kashe, ka ƙirga daƙiƙoƙin da ƙarar farko ta ɗauka kafin ta lafa.